Ranar da A-kori-kura Ta Sha Wanka

"Lafiya lau, ango. Ya ƙafar? Ya idon? Ya bayan? Ko in tambayi abin da ya rage da lafiya a jikin, mu huta da dogon zance?"

"Bakina ya rage," in ji Direba, "kuma shi kaɗai ya ishe ki. Matan kirki tun da sassafe suke gaida mazajensu. Ke sai hantsi ya dubi ludayi ki zo wa mutum kina ƙamshin sabulun mota."

"Ai mazajen nasu da haƙora. Kai naka sun riga ka yin ritaya."

"Girkinki ne ya kore su."

Haka suke gaisawa tun tana koyon magana. Jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, amma a bakinsa amarya ce, shi kuma a bakinta angon da ya ƙi tsufa da mutunci. Mutanen gida suna ce mata 'Yar Kumfa, don shekara uku ke nan tana aiki a wani wurin wankin mota, kullum ta dawo da kumfa a gefen ɗankwali. Shi kuwa kowa Direba yake ce masa, ko da yake shekara shida rabonsa da tuƙi, tun da yanar ido ta kama shi likita ya ce ya haƙura da hanya.

Yana zaune ne a kujerarsa ta kullum, jingine da tsohuwar a-kori-kurarsa a ƙarshen tsakar gida. Tayoyinta sun zauna, ƙura ta yi mata bargo, tsuntsaye sun mai da rufinta wurin biyan buƙata. Ɗansa, uban yarinyar, ya riga ya yanke magana: yau da la'asar mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ja ta, don ana so a gina ɗaki a wurin. Direba bai yi musu ba. Wanda ke cin tuwon gidan ɗansa ba ya ɗaga murya a kan fili. Abu ɗaya ya roƙa, kada a fitar da ita da dauɗa, domin shekara talatin bai taɓa barinta ta hau titi ba wanka ba. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, yana fata in ɗansa ya gan ta fes, da fentinta da ƙyallinta, zai ji nauyin miƙa ta ga masu guduma. Wannan fatan ne ya hana shi sakewa kwana uku.

Aka yi dace, a ranar ce 'Yar Kumfa za ta sayi injin wankin mota nata na kanta, don an ba ta wani ɗan fili a bakin titi ta fara cin gashin kanta. Ta yi masa alkawari a-kori-kura ce za ta fara ɗanɗana injin. Da ta ce za ta tafi kasuwa sai ya lalubo sandarsa ya miƙe.

"Ina zuwa?"

"Ina kika taɓa jin mace ta sayi inji ba mijinta? A sayar miki da injin markaɗe ki dawo kina murna."

"Makaho zai zaɓa wa mai ido?"

"Inji ba a zaɓensa da ido, amarya. Da kunne ake zaɓensa."

A cikin motar haya bai bar direban ya sha ruwa ba. Kowace giya aka sa sai ya yi tsaki, ya ce da kunnensa yana jin motar na neman agaji. Sai da jikar ta ba fasinjoji haƙuri, ta ce yau aka sallamo shi, maganin bai gama sakinsa ba.

Shagon injuna dogo ne, mai ƙamshin roba da sabon fenti. Mai shagon mutum ne mai sanyin hali, wanda da gani ya san ba a shiga tsakanin kaka da jika. Tun daga bakin ƙofa hannun Direba ya faɗa kan wani ƙaton inji mai shan fetur, da tayoyi kamar na baro da tiyo mai kaurin damtse. Ya shafa tankinsa, ya shafa salansarsa, ya roƙi a tayar masa. Da aka ja igiya injin ya ɗauka, shagon ya cika da ruri, sai fuskar tsohon ta saki. Ya lumshe ido. A ransa har ya ga kansa tsaye a wani faffadan fili, manyan motoci jere har iyakar gani, yana bin su da ruwa ɗaya bayan ɗaya, laka na zubowa, direbobi na ɗaga masa hannu.

"Wannan shi ne inji," ya ce bayan an kashe. "Da wannan ina zaune a kujerata zan wanke tirela a unguwar gaba. In na ɗaga shi sama in wanke gajimare, in dawo in wanke miki hali."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wannan na masu wankin katafila ne. In na ɗora shi a kan motar mutane, mai ita zai zo ya tarar da sitiyari kawai."

"To me kike so? Wancan ɗan mitsitsin mai kama da butar shayi?"

"Ƙaramin goro ya fi babban dutse."

"Shi ya sa kika tsaya ba ki girma ba?"

Mai shagon ya yi gyaran murya, ya yi musu bayani a hankali. Ya ce abu biyu ake dubawa a injin wanki, ƙarfin bugun ruwan da kuma yawan ruwan da yake fitarwa. Bugu shi ke ɓamɓare dauɗa, yawan ruwa shi ke kwashe ta, kuma mota ba ta son bugu mai yawa, matsakaici ya ishe ta. Ya ce mai fetur na wanda ke aiki a gona ne ko inda ba wuta, amma ga nauyi ga hayaƙi ga ƙarar da za ta haɗa mutum faɗa da maƙwabta. 'Yar Kumfa ta bar su suna magana ta shiga nata binciken. Ta wuce ƙananan nan masu famfon roba, ta ce wata uku za su yi su fara yoyo. Ta tsaya kan wani matsakaici mai lantarki, ta sa aka buɗe mata ta ga famfonsa na ƙarfe ne. Ta warware tiyon ta taka shi da ƙafa har bakin ƙofa, don ta tabbatar zai zagaye mota ba sai an ja injin ba. Ta tambaya ko ana samun kayan gyaransa a nan kusa. Daga ƙarshe ta ɗaga shi da hannu biyu ta yi taku goma da shi, ta ajiye, ta ce shi za ta ɗauka.

"Da haka kika tsaya kika zaɓi miji da kin more," in ji Direba.

"Ai shi ya sa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu."

Mai shagon ya zazzage wata 'yar jaka a kan tebur, wasu ƙananan bakuna biyar suka gangaro, kowanne da launinsa, waɗanda ake maƙalawa a kan bindigar ruwan. Ya ce baƙin na fesa sabulu ne, farin yana baza ruwa da faɗi don gilashi da fenti, koren na taya da ƙarƙashin mota, ruwan ɗorawan na siminti. Ya ɗaga jan a tsakanin yatsunsa ya ce wannan kam kada ya kusanci mota, domin ruwansa tsinke ɗaya ne, yana yanka kamar reza.

"In ba a amfani da shi don me aka sako shi?" Direba ya tambaya.

"Kamar kai ne a gida," in ji ta. "An ajiye ka ne don a riƙa nuna wa yara abin da za su kiyaya."

Ya yi dariya tare da kowa. Amma da ake mayar da bakunan jaka, huɗu ne suka shiga. Jan ya bi hannun tsoho ya sauka a aljihun gaban riga, don shi dai a duniya bai taɓa yarda abu ya yi wa mota ƙarfi ba.

Kafin azahar suna gida. 'Yar Kumfa ta kori kaji daga ƙarƙashin motar, ta share busassun ganye daga bayanta, ta ɗaure ɗankwali tamau. Famfon gidan tsiyaya yake yi, ba zai iya ciyar da inji ba, don haka tun jiya ta tara ruwa a duro. Ta zura tiyo a duron, ta haɗa da injin, ta matsa kunamar bindigar don iska ta fita kafin ta kunna, kamar yadda ta saba a wurin aiki. Ta kunna. Injin ya yi tari, ya tofa ruwa, ya shaƙe, ya sake tofawa. Ta kashe ta kunna har sau uku, abin bai sauya ba, gumi ya fara tsattsafo mata a goshi.

"Butar shayin taki mura take yi?"

"Ka yi shiru, ango, bakinka ne ya kama shi."

Direba ya karkata kai yana saurare. Wannan tarin ya san shi, ya sha jin sa a tsakiyar daji.

"Ba ciwo ne da shi ba, ƙishirwa ce. Kin ajiye masa ruwa a ƙasa kin ce ya zuƙo, shi kuwa ba shi da huhun zuƙa. Mu da, in famfon mai ya mutu a hanya, galan muke ɗaurawa a kan rufi mu zuro tiyo, mai ya gangaro da ƙafarsa. Ɗora duron a bayan motar."

Ta dube shi, ta dubi injin. Ba ta so ba, amma ta mirgino wani duron da ba komai ta ɗora a bayan a-kori-kura, ta yi ta juye ruwan da bokiti har ya cika, ta kafa tiyon a ƙasansa. Da ta kunna sai injin ya ɗauki wata murya mai daɗi, ruwa ya fito sumul ba gargada.

"Faɗi mana," in ji Direba, yana gyara hula. "Da wace irin zuma ake magani?"

"Ko agogon da ya mutu yakan yi daidai sau biyu a rana."

Ta fara da jiƙa motar daga nesa da farin baki, ta ce dauɗar shekara shida ba a yi mata gaggawa, sai ta sha ruwa ta yi laushi. Sannan ta sa baƙin ta lulluɓe ta da kumfa tun daga ƙasa zuwa sama. A-kori-kura ta koma fara fat. Direba, da idonsa da ba ya rarrabe gefen abu, ya ga kamar wani gajimare ne ya sauko ya kwanta a tsakar gida. Ƙura ta narke tana gangarowa ja-ja, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Zuciyarsa ta yi fari. Ya ce a ransa, yau ɗan nan zai ga mota.

Ana cikin ɗauraya sai uwarta ta ƙwala mata kira daga ɗaki. Ta jingine bindigar, ta ɗaga masa yatsa.

"Kada ka taɓa."

"Ni da na riƙe sitiyarin tirela zan taɓa abin wasan yara?"

Ko labulen bai gama rufuwa a bayanta ba ya miƙe. Akwai wani tabo a ƙasan ƙofar direba da ya ga farin bakin ya bi ta kansa sau biyu bai fita ba, kuma nan ne idon ɗansa zai fara sauka. Ya lalubo bindigar, ya zare farin, ya maƙala jan. Ya matso da bakin daf da ƙarfe, yadda mutum ke matso da soso, ya matsa kunama. Bindigar ta hankaɗe shi baya. Ruwan ya ja layi a jikin ƙofar, fenti ya tashi kamar ɓawon albasa, wani dunƙulen abin cike rami da mai gyaran jikin mota ya liƙa shekarun baya ya ɓalle ya faɗi tim. Kafin ya saki yatsa, tsinken ruwan ya samu inda tsatsa ta cinye, ya huda ƙofar ya wuce ciki.

Ya sa hannu ya shafa. Yatsunsa uku suka shige ramin. Ya shafa gefensa, ƙarfen ya marmashe a hannunsa. Ashe tabon ba dauɗa ba ne, tsatsa ce ta ci ta cinye, fenti ne kawai ya rufa mata asiri. Garin gyaran gira ya rasa ido.

Da 'Yar Kumfa ta dawo ta ga ramin, ta ga jan baki a kan bindiga, sai ta buɗe baki da zagi guda goma a shirye. Amma ta ga tsohon ya koma kujera ya zauna, hannunsa a kan gwiwa, bai tare ta da ko kalma ɗaya ba. Tun da take ba ta taɓa ganin ya bar mata fili haka ba, abin ya ba ta tsoro.

"Ango, ba za ka ce ƙofar ce ta tsokane ka ba?"

"Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata," ya ce a hankali. "Kashe injin, amarya. Na so babanki ya gan ta mota ce. Yanzu da hannuna na nuna masa bola ce."

Sai a lokacin ta gane abin da wankan yake nufi a wurinsa. Tausayinsa ya kama ta, amma ta san in ta nuna masa ta gama da shi. Ta zare jan bakin ta jefa a bokiti, ta mayar da farin.

"Ni ba a biyana in bar aiki rabi. Kuma ka tare mini hanya. Tashi ka shiga ciki ka rufe gilashi, in ba haka ba in haɗa da kai in wanke, ƙila a samu mutum a ƙarƙashin tsufan."

Bai yi gardama ba. Ya buɗe ƙofar mai rami ya hau, kujerar ta karɓe shi a daidai lotsawar da jikinsa ya yi mata. Ya murɗa gilashi ya rufe. Ciki da ɗumi, da warin tsohuwar roba da man inji da bai gushe ba. Hannayensa suka sami sitiyari da kansu.

Sai ruwa ya sauko a kan gilashin gaba, shaa, mai faɗi, mai taushi. Tsakar gida ta narke, katanga da igiyar shanya da bishiya duk suka zama launi mai gudana. Shekara shida duniya a dushe take a idonsa, yana jin haushin haka, amma a bayan gilashi mai ruwa kowane direba haka yake gani. Ƙafarsa ta hagu ta taka kuloci, hannunsa ya tura giya. Rufin ya ɗauki kiɗan ruwan sama. Titi ya miƙe a gabansa baƙi wuluk yana sheƙi, itatuwa na wucewa a jiƙe, fitilun wata babbar mota suka taso daga nesa suka wuce ta gefensa. Ga shanu sun fake a ƙarƙashin wata bishiya, ga mai keke ya rufa buhu a ka. Ya ji motar tana hawa tudu, ya saurari numfashinta, ya sauya mata giya a daidai inda take so.

Aka ƙwanƙwasa gilashin gefe.

"Direba, ina muka iso?"

"Mun wuce gada," ya ce, bai juyo ba.

"Ka rage gudu, akwai mai tsohon ciki a baya."

"In ba ta son gudu ta sauka ta hau jaki."

Ruwan ya koma kan rufi, ya dawo gilashi. Yanzu ba shi kaɗai ba ne a gaban motar. Marigayiya matarsa na gefensa, rungume da wani ɗan ƙunshi a cikin tawul, surukarsu na jikin ƙofa tana gyangyaɗi, ɗansa kuwa yana baya a tsaye ruwa na dukansa, ya ƙi yarda a bar shi a asibiti. Motoci na ta danna masa ham suna wucewa, shi kuwa ya ƙi fita daga giya ta ɗaya. Wani ɗigo mai sanyi ya sauko daga rufin ya faɗa masa a hula, wani ya biyo. Ya sauke gilashi kaɗan.

"Amarya, kin san a irin wannan ruwan na ɗauko ki daga asibiti? A nan kika kwanta, kusa da giya. Tafiyar minti goma na yi ta a awa guda, don kada rami ya tashe ki."

Ta sauke bindigar tana fesa ƙasa.

"Ashe tun ranar ka fara bina."

"Na leƙa tawul na ga muni, na ce wannan in ban rufa mata asiri ba, ba mai ɗauka."

"Rufe gilashin, tsoho, ruwa na shiga."

Ta juya masa baya da sauri ta durƙusa, ta sa koren baki ta shiga wanke ƙarƙashin motar, ta daɗe a can fiye da yadda aikin yake buƙata. Laka ta yi ta faɗowa gunduwa-gunduwa. Da ta leƙa sai ta ga ƙashin motar, ƙarfen da take zaune a kai, baƙi siɗik, ba tsatsa ko ta magani. Ta tambaye shi ta taga, ya ce ai duk ƙarshen wata yakan shiga ƙarƙashi ya shafe shi da baƙin mai, shekara talatin bai tsallake ba. Ta miƙe ta tsaya tana kallon duron da ke zaune daram a bayan motar, ta daɗe tana kallonsa.

Ana kiran la'asar babanta ya shigo. Ya tsaya ya dubi motar, shuɗin fentinta ya fito, gilashinta na ɗaukar ido, ga kuma rami a ƙofa da za a iya zura hannu. Ya dubi mahaifinsa a zaune a gaban sitiyari da jiƙaƙƙiyar hula. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali mai ƙarafan yana hanya. Direba ya ce to. Ya shafa sitiyarin sau ɗaya ya fara lalubar mariƙin ƙofa.

'Yar Kumfa ce ta tare babanta. Ta rusuna ta ce tana da magana. Ta ce filin da aka ba ta a bakin titi ba shi da abin ɗora tanki, injinta kuma ba ya shan ruwa sai daga sama, sun gwada sun gani. Ta ce bayan motar nan zai ɗauki duro huɗu bai ji ba, ya leƙa ƙarƙashi ya gani da idonsa. Ta ce gaban kuma ɗaki ne mai ƙofa da makulli, inda za ta riƙa kulle inji da tiyo in ta tashi. In dai ja za a yi, a ja ta zuwa can. Baban ya durƙusa ya leƙa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce shi fili yake so, ba ƙarfe ba. Ya ciro waya ya fita waje yana neman lambar mai ƙarafan don ya ce masa an fasa.

Direba ya sauko a hankali. Murna ta cika masa ƙirji, amma ya haɗe rai.

"Wa ya ce na ba ki? Mota kamar wannan, a mai da ita jakin ɗaukar ruwa?"

"To bari in kira Baba ya fasa fasawa."

"Tsaya mana. Ke ba a yi miki wasa?"

"Sai ka faɗa da bakinka. Wane inji ne ya yi aikin nan?"

"Wani ɗan abu ne mai kama da buta."

"Baba!"

"Naki ne, naki ne. Ƙaramin ya yi. Jan bakin nan kuma a kai shi inda ba zan same shi ba." Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke girgiza kafaɗa. Ya zura hannu a aljihu ya ciro makulli a jikin wata tsohuwar igiyar fata da ta yi baƙi don shan hannu. Ya kamo tafinta ya danƙa mata. "Ungo. Ba ya tayar da ita, amma yana buɗe ta. Kin ci, amarya."

Ta juya makullin a hannunta, ta ɗaure igiyar a wuyan hannu.

"Saura direba. Ba na barin mota a bakin titi ba kowa a ciki. Ina son wanda zai zauna a gaba, ya saurari injin in ya fara tari, ya kuma zagi masu motoci in sun kawo su da ƙazanta."

"Ina za ki samu mai wannan ilimin?"

"Motar da ba ta tafiya ai direban da ba ya gani ne daidai da ita."

Shekara shida ba wanda ya jira shi a ko'ina. Ya cire jiƙaƙƙiyar hular ya matse ta, ya mayar a ka.

"Ƙarfe nawa ake fitowa aikin?"

"Bakwai. In ka makara in sallame ka."

"Shida da rabi za ki same ni a ciki," ya ce. Ya ɗauki sandarsa ya nufi ɗaki, yana tambayar mutanen gida wa ya ga inda aka ajiye masa takalmansa na aiki.